Tambaya da Amsa: Ɗan ƙwaro mai dogon baki a gindin itacen ok

Tambayoyin wannan fitowar duk kan ƙwaro ɗaya suka faɗa, shi da danginsa: ƙwaron da ke huda 'ya'yan ok, wani babban itace da ke cike dazukan Turai. Uku sun zo daga 'yan'uwa mazauna Turai, ɗaya daga gida.

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Yuni ina zaune a gindin wani ƙaton itacen ok cikin wani daji kusa da garin da nake karatu, sai wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa ya faɗo kan littafina. Girmansa bai kai ƙwayar wake ba, amma a gabansa akwai wani siririn abu mai lanƙwasa kamar hancin giwa. Da na taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu kamar ya mutu. Na ɗauki hotonsa, manhajar waya ta ba ni suna biyu daban. Wane ƙwaro ne wannan, kuma yana harbi? — Wani ɗalibi daga Ingila

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, ba ya harbi, ba ya cizon mutum, ba shi da dafi. Abin da ka ɗauka hanci ne, kansa ne ya miƙe ya zama dogon bututu, bakin kuma yana can ƙarshen bututun da 'yan muƙamuƙai biyu ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da gilashin ƙara girma. Ba tsotsa yake yi da shi irin na sauro ba. Tauna yake yi, kuma 'ya'yan itace yake hudawa.

Siffar da ka bayar, da itacen, da watan, duk sun nuna ƙwaron 'ya'yan ok ne, wanda masana ke kira Curculio glandium. Yana cikin babban gidan ƙwari da ake ce wa Curculionidae, gidan da aka rubuta sunayen nau'o'insa sama da dubu 50. Kafin ka shiga neman sunan nau'i, fara tabbatar da gidan, kuma abu biyu ne ke tabbatar da shi. Na farko wannan dogon bakin. Na biyu ƙahonnin jin motsi: ba a goshi suke ba, a jikin bakin suka tsiro, kowanne ya karye a tsakiya kamar gwiwar hannu, ƙarshensa kuma ya yi ɗan kauri kamar kan kulki. In ka ga waɗannan biyu tare, ka shiga gidan da ya dace.

Shi glandium tsawon jikinsa milimita 4 zuwa 7 ne, ban da bakin. Asalin jikin baƙi-baƙi ne, amma wasu ƙananan ɓawo masu kama da gashi, ruwan ƙasa da ruwan zuma, sun lulluɓe shi, shi ya sa yake fitowa da dabbare-dabbare. Tsohon ƙwaro da ya sha yawo yakan goge, ya yi duhu, sai mai kallo ya ɗauka wani nau'i ne. Launi dai shi ne mafi raunin shaida a wannan gida. In ka dube shi ta sama, kafaɗunsa faɗi ne, jikin ya tsuke zuwa baya. A ƙarƙashin kowace cinya akwai ɗan tsini kamar haƙori.

Har mace da namiji za ka iya rabewa. Bakin mace ya fi tsawo, yakan kusa kai tsawon jikinta, kuma ƙahonninta sun tsiro kusa da kai. Na namiji ya fi gajarta, ƙahonnin kuma suna wajen tsakiyar bakin.

Manhajarka ba ta yi laifi sosai ba, don kama da wane ba ta wane. A dazukan ok na Turai akwai 'yan'uwansa da ke ruɗa har waɗanda suka daɗe a harkar. Ka duba bayan ƙwaron, daidai inda murafun fikafikai biyu suka haɗu da ƙirji, za ka ga wani ɗan fili mai haske kamar ɗigo. A glandium faɗin wannan ɗigo da tsawonsa kusan ɗaya ne. A Curculio venosus, wanda shi ma kan ok yake, ɗigon siriri ne mai tsawo. Sai ka juya shi ta gefe, ka bi layin da ya raba murafun fikafikai zuwa baya: venosus yana da jerin gashi a tsaye a can kamar ɗan zanko, haka ma Curculio nucum, amma glandium ba shi da wannan zankon. Shi nucum kuma abincin 'ya'yansa ƙwallon hezal ne, wani ɗan itace mai ƙwallon da mutane ke ci, sai dai a daji da ok da hezal suke cuɗe ana iya samunsa ya sauka kan ok yana hutawa. Akwai wani kuma, Curculio villosus, ƙarami, mai launin toka da baƙi, wanda ba ya shiga 'ya'yan ok ko kaɗan. Tsutsarsa tana girma ne a cikin wani ƙullutu mai kama da ƙaramin tuffa da wata 'yar zanzaro ke haddasawa a reshen itacen.

Hoto ɗaya daga nesa ba zai raba waɗannan ba, ko wa aka kai wa. Ana bukatar uku: ɗaya daga sama a miƙe, ɗaya daga gefe, ɗaya na ƙahonni kusa-kusa. Ka ajiye abin awo mai milimita a gefensa. Gilashin hannu mai ƙara girma sau goma ya wadatar. In ya ƙi tsayawa, sa shi a ƙaramar kwalba ka ajiye a firji, ɓangaren da ba ya ƙanƙara, na minti goma. Sanyi zai sa ya lafa, ka ɗauki hotonka, in ya ɗumama ya tashi ka mayar da shi inda ka same shi. Ka rubuta sunan itacen da kwanan wata, don a wannan gida itacen da aka samu ƙwaro a kai rabin sunansa ne.

Naɗe ƙafafun da ya yi kuwa likimo ne. Da ya ji reshe ya girgiza, ko inuwar tsuntsu ta gifta, sai ya saki ganye ya faɗo, ya kwanta cikin busasshen ganye inda launinsa ya saje. Da wannan ɗabi'a ake kama shi: a shimfiɗa farin ƙyalle ko a buɗe lema a kife a ƙarƙashin reshe, a buga reshen da sanda sau biyu ko uku da ƙarfi. Safiya ta fi, kafin rana ta ɗumama su su riƙa tashi sama. Za ka ga wasu ƙananan 'yan gidan sun faɗo tare da shi. Masu kore mai ƙyalli da gajeren baki, Phyllobius ne ko Polydrusus, ganye suke ci. Wani ɗan mitsitsi mai tsawon kamar milimita 3, mai kaurin cinyar baya, da ka kai hannu ya yi tsalle kamar ƙuma, Orchestes ne, tsutsarsa tana rayuwa tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa.

Tambaya: Yarana sun tsinto 'ya'yan ok cikin kwano a watan Oktoba suka ajiye a falo. Bayan kwana kaɗan sai na ga fararen tsutsotsi masu ƙiba suna birgima a kan darduma, kowane ƙwallo kuma da 'yar ƙofa zagayayya. Da aka kawo su babu ko huda ɗaya. Daga ina suka fito, kuma za su shiga mana kayan abinci? — Wata uwa daga Jamus

Amsa: Hajiya, tare da su yaran suka shigo. Tun ƙwallon yana ɗanye a kan itace, wajen watan Yuli zuwa Agusta, uwar ƙwaron ta riga ta yi aikinta. Takan hau ƙwallon, ta kafa bakinta, sau da yawa kusa da 'yar hular da ke riƙe da shi ko ta cikin hular ma, ta riƙa kewayawa tana juya kai hagu da dama kamar mai huda ƙwarya da tsinke. Muƙamuƙanta sama da ƙasa suke motsi, saɓanin yawancin ƙwari da nasu ke motsi gefe da gefe. Aikin yakan ci lokaci mai tsawo. In ramin ya kai inda take so, sai ta zare bakin, ta juyo da baya, ta zura siririn bututun ƙwai ta ajiye ƙwai a ciki, yawanci ɗaya ko biyu. Ramin siriri ne kamar na allura, ƙwallon yana ci gaba da girma, wurin ya rufe ya bar ɗan baƙin ɗigo. Shi ya sa kika ga babu huda.

Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan yakan ƙyanƙyashe. Tsutsar tana cin naman ƙwallon na tsawon makonni, tana barin kashinta a ciki kamar garin ƙasa-ƙasa. Ƙwallon da ke da tsutsa yakan riga lafiyayyu faɗowa, don haka wanda ya yi tsintuwa a farkon zubar 'ya'ya shi ya fi kwasar masu tsutsa. Da ta ƙoshi sai ta tauna ɓawon, ta buɗe ƙofa daidai faɗin kanta, wajen milimita 2. Kan ne kaɗai mai tauri, sauran jikin taushi ne, sai ta matse shi ta fito ta ƙofar da ta fi ta ƙanƙanta. A daji ƙasa take faɗawa ta nutse. A falonki babu ƙasa, ga ɗumin ɗaki yana gaggauta fitowarsu, shi ne kika same su suna neman wurin shiga a kan darduma.

Ba za su taɓa shinkafa ko gari ko katako ko tufafi ba. Sun gama cin abincin rayuwarsu ta tsutsa, kuma in ba su sami ƙasa mai laima ba, bushewa za su yi su mutu cikin 'yan kwanaki. Ki share su ki zuba a gindin itace, tsuntsaye za su yi murna. Maganin feshi ɓarnar kuɗi ne a nan.

Ki lura da abu ɗaya: ba kowace tsutsar ƙwallon ok ce ta wannan ƙwaro ba. Tasa fara ce ko ruwan madara, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, kai ruwan ƙasa, ba ta da ƙafa ko ɗaya, tsawonta ya kusa santimita ɗaya. In kin ga mai ƙafafu, miƙaƙƙiya, tana tafiya sosai, wannan 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ce da ake kira Cydia splendana. Kashinta tsaba-tsaba ne, ƙofar fitarta kuma ba ta cika zagaye ba. Ita ma ba ta ɓarna a gida.

In don wasan yara ko ado ake so a ajiye 'ya'yan, a sa su a leda a jefa cikin injin ƙanƙara mako guda, sannan a shanya su bushe. Wanda aka yi wa haka dai ba zai ƙara tsirowa ba.

In kuma yaran suna son ganin abin da tsutsar za ta zama, a samo bokiti, a huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye, a zuba ƙasar lambu mai zurfin santimita 25 zuwa 30, a ɗora 'ya'yan a kai, a rufe da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu saboda ɓeraye, a ajiye a waje cikin inuwa. Tsutsar takan nutse kamar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, ta murza wa kanta ɗan ɗaki mai santsin bango ta kwanta. Abubuwa uku ke ɓata wannan gwaji. Ajiye bokitin a ɗaki mai ɗumi, domin sai sanyin hunturu ya ratsa ta kafin ta ci gaba. Barin ƙasar ta bushe ƙarau, ko ta jiƙe sharkaf har fumfuna ta kama tsutsar. Sai tono don a duba, wanda ke rusa ɗakin. Na huɗu, in za a ƙara, shi ne gajen haƙuri: a zubar da ƙasar bayan shekara ɗaya don ba a ga komai ba, alhali da yawansu sai sun yi hunturu biyu a ƙasa kafin su fito da fikafikai.

Tambaya: Ina koyon aikin renon itatuwa. An ba mu buhunan 'ya'yan ok mu shuka, muka tarar da yawa sun huje. Yaya ake tace su, kuma hujajjen ƙwallo zai iya tsirowa? Me ya sa wata shekara ɓarnar ke yin yawa, wata shekara kuma kaɗan? — Wani mai karatu daga Faransa

Amsa: Malam, fara da ruwa. Cire hulunan, zuba 'ya'yan a baho, motsa su, ka bar su ɗan lokaci. Wanda tsutsa ta cinye cikinsa iska ta maye gurbin naman, zai taso. Lafiyayye zai nutse. Kwashe na sama ka zubar nesa da wurin reno. Gwajin yana da kuskure ta fuska biyu. Ƙwallon da tsutsarsa ƙarama ce har yanzu yana da nauyi, zai nutse tare da masu kyau. Lafiyayyen da ya sha iska ya fara bushewa kuma zai iya tasowa. Irin wannan in ya kwana cikin ruwa yakan sha ya koma ƙasa. Saboda haka ka yi gwajin da zarar an kawo su, sannan ka ɗebi hamsin daga waɗanda suka nutse ka tsaga da wuƙa, ka ƙirga masu tsutsa. Wannan ƙidayar ce za ta gaya maka halin buhun.

Masu reno suna kashe tsutsar da ke ciki da ruwan ɗumi: digiri 49 na ma'aunin Salsiyas, minti 40, sannan a tsame a sa cikin ruwan sanyi. Ana bukatar ma'aunin zafi a hannu da ruwa mai yawa, ana motsawa, don tazarar da ke tsakanin zafin da ke kashe tsutsa da wanda ke kashe iri ƙarama ce ƙwarai. In ruwan ya haura da 'yan digiri kaɗan, ka dafa irinka. Kada ka haɗa wannan da wani jiƙon da ake yi a Turai, na digiri 41 har awa biyu da rabi. Wancan don wata fumfuna ce mai baƙanta ƙwallon a ajiya.

Kuskuren da ya fi tsutsa ɓarna shi ne shanya. Wanda ya saba da gero da dawa zai ce a busar da iri kafin a adana, amma ƙwallon ok ba ya jure bushewa. In ruwan jikinsa ya ragu sosai ya mutu. A ajiye shi da laimarsa a wuri mai sanyi, digiri ɗaya zuwa uku, cikin abin da iska ke ratsawa, ko a shuka shi nan take.

Hujajje yakan tsiro, in an yi sa'a. Idon tsiron yana can wajen tsinin ƙwallon, tsutsa kuwa sau da yawa daga gindi take farawa, wajen hula. In ba ta kai ga idon ba, saiwa za ta fito, sai dai dashen yakan taso da rauni don an cinye masa guzuri. Babban ƙwallo mai tsutsa ɗaya ya fi ƙaramin da ke da biyu ko uku damar tsira. In iri ya wadata, kada ka ɓata gurbi a kansu.

Batun bambancin shekaru, daga itacen ne. Ok ba ya haihuwa daidai kowace shekara. Yakan yi 'yan shekaru yana ba da kaɗan, sannan wata shekara itatuwan yanki guda su zubo da 'ya'ya gaba ɗaya har ƙasa ta rufe. A shekarun ƙaranci ƙwarin ba sa samun wurin haihuwa da yawa, adadinsu ya ragu, amma ɗan abin da aka samu kusan duk sai sun huda. Shekarar yalwa kuwa 'ya'yan sun fi ƙarfin ƙwarin da ɓeraye da kurege da aladun daji, sai da yawa su tsira. Ƙwarin ma suna da tasu dabarar. A wani ɗan'uwansa, Curculio elephas, wanda ke shiga 'ya'yan ok da na cesnot (wani itace mai ƙwallon da ake ci) a kudancin Turai, tsutsotsin uwa ɗaya ba sa fitowa shekara ɗaya: wasu baɗi, wasu shekara biyu, wasu uku, kamar manomin da ya yi binne da rabin irinsa ya riƙe rabi har ya ga kamun ludayin damina. A aikace, ka tara iri mai yawa a shekarar yalwa, ka bar zubin farko ya wuce, ka tsinci na tsakiyar lokaci, kuma kada ka bar buhu ya kwana a ƙasan wurin reno inda tsutsa za ta fita ta shige.

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Na ga hoton wannan ƙwaro a littafi, sai ya yi mini kama da wanda ke cin masara a rumbu. Shi ne? Muna da shi a dazukanmu? Ina so in nuna wa ɗalibai da idonsu. — Wani malami daga Zariya

Amsa: Allah ya gafarta Malam, idonka ya gani daidai, gidansu ɗaya amma ba shi ba ne. Glandium ba ya rabuwa da ok, ok kuma ba itacen ƙasar Hausa ba ne. A nahiyarmu sai can arewa, irin su Maroko da Aljeriya da Tunisiya, itacen yake fitowa da kansa. Akwai dai wasu 'yan zuriyar Curculio a Afirka da ke haihuwa cikin 'ya'yan itatuwan dangin ɓaure.

Na rumbu shi ne Sitophilus zeamais, da ɗan'uwansa na shinkafa Sitophilus oryzae. Milimita 3 zuwa 4 ne, baƙi-baƙi, da tabo huɗu ja-ja a baya, bakin ya fi na glandium gajarta da kauri, amma ƙahonnin nan masu gwiwa suna nan. Sana'ar ma ɗaya ce: mace ta huda ƙwaya da baki, ta juya ta sa ƙwai, ta toshe ramin da wani ruwa mai daskarewa. Bambancin da ya sa ɗaya ya zama annoba ɗaya kuwa bai zama ba shi ne, na rumbu ba ya bukatar ƙasa. A cikin ƙwayar yake rikiɗa ya fito cikakken ƙwaro cikin kamar mako biyar in da zafi, ya hau ƙwaya ta gaba.

Ga darasi mai kyau ga ɗalibai: ka ajiye ƙwaron masara da ƙwaron wake gefe da gefe a ƙarƙashin gilashi. Jama'a na ɗaukarsu abu ɗaya, amma na wake, Callosobruchus maculatus, ba shi da dogon baki, ƙahonninsa ba su da gwiwa, murafun fikafikansa ba su rufe ƙarshen cikinsa ba, kuma ƙwansa a bayan wake yake mannawa, waɗannan fararen ɗigogin da ake gani. Ba ɗan wannan gida ba ne sam. Haka ma mai kaurin cinya da ke fitowa daga tsamiya ya koma kan gyaɗa, Caryedon serratus, da waɗanda ke huda 'ya'yan bagaruwa da gawo. Dangin ƙwaron wake ne.

'Yan gidan na gaskiya da za ku iya samu a waje sun haɗa da na ƙwallon mangwaro, Sternochetus mangiferae, mai kauri da gajeren baki, wanda sai an fasa ƙwallon ake ganinsa alhali naman mangwaron lafiya lau. Akwai kuma 'yan mitsitsin Smicronyx a kan ƙuduji, waɗanda tsutsarsu ke kumbura kwanson irin ciyawar ta hana shi yin 'ya'ya. Ka ga ɗan gidan da ke taimakon manomi. A nemi kumburarrun kwanso a gonar gero ko dawa wajen ƙarshen damina, a tsaga da reza.

Fita daji kuma ba ta bukatar kaya masu tsada: farin ƙyalle mai faɗin mita ɗaya, sanda, ƙananan kwalabe, gilashin ƙara girma, da littafin rubutu. A fita da sassafe bayan ruwa ya zauna, a buga rassan ɓaure da kalgo da sabara da taura, kowane itace da kwalbarsa, a rubuta sunan itacen a jikin kwalbar tun a wurin. A duba reshe da kyau kafin a buga saboda gidan rina da zuma. Kada a bar kwalba a rana ko a aljihu, gumi zai taru a ciki ya manne ƙwarin, ɓawon jikinsu ya goge. A sa guntun takarda mai tsotse laima a kowace kwalba. In an dawo aji, a zube su kan farar takarda, ɗalibai su raba su kashi biyu: masu baki da ƙaho mai gwiwa a dama, sauran a hagu.